Takalman Baba

Mahaifinmu malamin gona ne, kuma yana da wata doka da ya riƙe tamkar farilla: duk abin da ya shekara a gida ba a yi amfani da shi ba, haƙƙin wani ne muka danne. Da kaka ta yi sai ya sa a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a fito da komai. Tukunya, fitila, rigar da ta yi wa mai ita kaɗan, duk a kai wa mabuƙata. Turminmu ma ya fi kwana a maƙwabta. Mutanen Wudil suna yabonsa, kuma ba zan yi ƙarya ba, ba mu taɓa rasa abin da ya zama dole ba. Sai dai Baba bai san inda doka take tsayawa ba.

Ina 'yar shekara goma sha huɗu autanmu ya rasu, yana wata bakwai. Inna ta wanke zanin da take goya shi, ta ninke, ta tura ƙasan akwati. A kaka ta biyu Baba ya zaƙulo shi.

"Malam, ka bar min wannan," in ji Inna.

"Goyon wa za ki yi da shi? Ga mai jego can a Utai, tsumma take ɗaurawa."

Wata Juma'a Inna ta hango zanin a bayan wata mata a kasuwa, ɗan kai yana lilo a ciki. Ta bi ta har bakin gada, sannan ta juyo. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ina koyarwa a firamare a Sabon Gari. Jama'a suna ta sayen janareta da sababbin babura, Baba yana musu kallon mahaukata. Takalminsa ɗaya ne, baƙin sau-ciki, an sake masa ƙasa har ba iyaka. Da shi ya je ya jefa ƙuri'a. Ba a yi mako ba ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye.

Aka yi masa shimfiɗa a zaure don ya riƙa ganin mutane. Ya sa aka ajiye takalman a inda idonsa zai kai. Kullum da safe sai na tallafe shi ya gwada ƙafar, yana gumi, yana cewa da karkataccen baki, "Sai na sa su na je Darki na ga gero." Abin da ke tashe shi ke nan.

A kaka ta biyu Inna da kanta ta shimfiɗa tabarmar, wannan karon a ƙofar zaure. Ta ce da ni, "Ɗauko min takalman can."

Na gane. Na kuma ɗauko.

Baba ya yunƙura da hannunsa mai lafiya. "Ki bar min su."

"Tafiyar ina za ka yi da su, Malam?" in ji Inna. "Ga mai ga-ruwanmu can, ƙafarsa duk faso."

Wallahi daɗi na ji a lokacin. Har yau ina jin kunyar wannan daɗin.

Daga ranar, kowace safiya mai ga-ruwa yakan ratsa zaure da garewani a kafaɗa, takalman Baba a ƙafarsa jiƙe sharkaf. Sai ya tsaya ya rusuna. "Allah ya saka da alheri, Baba. Kamar don ni aka yi su."

Har yanzu ina bin dokar. Zannuwana ba su da yawa, kuma duk kaka nakan fitar da abin da ban mora ba. Amma nakan tambayi mai abu tukuna.

Washegarin ranar da aka fitar da takalman na zo tallafarsa kamar kullum. Ya juya fuska bango, ya ce in bar shi. Bai sake neman a miƙar da shi ba har ya rasu.