Kilishin da Bai Shiga Japan Ba

Mahaifina mahauci ne, kamar yadda ubansa yake, kuma a Garwa ta wancan zamani, lokacin shugaban ƙasa na farko wanda ɗan garinmu ne, duk wanda ya san kilishi ya san rumfarsa. A unguwar Jambutu muke zaune. Mu Hausawa ba mu da yawa a garin, Fillanci ake yi a titi, Faransanci a ofis, amma in aka zo ga nama kowa mu yake nema. Ni kaɗai cikin 'ya'yansa boko ya ɗauke. Na gama lise, wato sakandare, na wuce jami'a a Yawunde, ban taɓa iya riƙe wuƙa yadda ya kamata ba. Baba yakan ce in aka ba ni akuya in feɗe, sai ta gaji da jira ta tashi ta koma gida.

A shekarata ta uku aka manna sanarwa cewa wata jami'a a Japan za ta karɓi ɗalibi ya yi shekara guda yana koyon harshensu da al'adunsu. Ban san komai game da ƙasar ba in ban da sunan da ke jikin rediyo da babur. Abin da ya sa na rubuta sunana shi ne wani ɗan ajinmu da ya ce irin wannan burs, wato tallafin karatu, ba ta 'yan arewa ba ce. Ni kuwa tun ina ƙarami ba na son a ce mini ba zan iya ba. Da sakamako ya fito aka ga ni ne, sai murna ta koma ciki, don na san akwai wanda ban tambaya ba tukuna.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, na shiga mota zuwa gida, ina ta shirya amsoshi a hanya. Na zaci Baba zai yi maganar nisa, ko sallah, ko aure. Bai taɓa ko ɗaya ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni wa yake yanka a can. Na ce ban sani ba. Ya ce ya tambayi wani direban babbar mota da ya taɓa aiki da mutanen Japan a Duwala, an tabbatar masa ba su san bismillah a kan dabba ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana fuskantar da saniya alƙibla, ba ya ma cin nama a gidan biki sai ya ji sunan wanda ya yanka, shi ne zai saki ɗansa ƙasar da ba mahauci Musulmi ko ɗaya?

Bayan kwana uku ya kira ni zaure ya ce, "Ka tafi, Allah ya tsare. Amma ka yi mini alkawari ba za ka ci nama ba sai wanda ya fito daga hannuna." Na yi alkawari, ina ganin abin mai sauƙi ne.

Abin da ban lissafa ba shi ne hannun. Shekara biyu ke nan da hannun Baba na dama ya fara rawa, har ya bar wa ƙannensa yankan kilishi, shi yana zaune yana duba aiki yana faɗa. Kilishi ba tsire ba ne. Ana ɗaukar tsokar cinya a riƙa bin ta da wuƙa ana warware ta har ta zama falle ɗaya mai faɗi, siriri, wanda in ka ɗaga za ka hango rana ta cikinsa, kuma yatsun hagu suna ƙarƙashin naman daf da kaifi. Baba ya ce tun da shi ya ɗaura alkawarin, ba wanda zai taɓa masa. Ya zaɓi sa, ya yanka da kansa, ya zauna kwana biyu yana warwarar nama a hankali, gumi na ɗiga daga gemunsa, don lokacin bazara ne, zafin Garwa na neman dafa mutum da ransa. Inna ta daka ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari da masoro aka kwaɓa labu. Aka shanya, aka tsoma, aka sake shanyawa, aka gasa. Aka jera shi a cikin wani babban gwangwani, maƙeri ya liƙe bakin da dalma. Ko ɗanɗanawa Baba bai bar ni na yi ba, wai in na fara a nan ba zai kai ni can ba.

A filin jirgin sama na Japan aka tsayar da ni. Wani ma'aikaci mai farin safar hannu ya buɗe gwangwanin, ƙamshin gidanmu ya cika wurin, ya dube ni ya sunkuyar da kai. Da ɗan Ingilishin da muka haɗa ni da shi na gane cewa dokarsu ta hana shigo da nama daga ƙasashe irin tamu, saboda ciwon shanu. Na yi magiya, na ɗaga murya, na ce busasshe ne, gasasshe ne, ubana ne ya yi. Duk ihun da na yi, sunkuyawa yake ƙara yi yana ba ni haƙuri. Da ɗan duwan ne, wato kwastan na gida, da na san yadda ake yi da shi, amma mutumin da ke ba ka haƙuri yana ƙwace maka kaya, ta ina za ka kama shi? Ya ba ni takarda na sa hannu cewa za a ƙona.

A makon farko na zauna rubuta wasiƙa da ajami, don Baba ya karanta da kansa. Na so in faɗa masa gaskiya. Sai na tuna shi a durƙushe a kan tabarma, hannu na rawa, yana cije leɓe. Na rubuta cewa na sauka lafiya, kilishi ya iso lafiya, ina gutsurar kaɗan kullum bayan azahar. Na ce a raina ƙarya ɗaya ce, ta tausayi, ba wanda za ta cuta.

Alkawarin kuwa na riƙe shi, wannan kam zan iya dafa Alƙur'ani. Shekara guda nama bai shiga bakina ba. Shinkafa ba mai ba yaji, kifi, wani lokaci ɗanye, ganyen ruwa, da wani farin abu mai laushi wanda sai daga baya na gan shi a gida ana ce masa awara. Na rame har wuyan rigata ya yi mini yawa. Karatun ma bai bar ni na huta ba. Ni da nake taƙama da harshe huɗu, na koma ina zana haruffa kamar ɗan aji ɗaya, ina koyon yadda ake cire takalmi, da yadda ake miƙa abu da hannu biyu, da iya zurfin da za ka sunkuya wa malami. Wannan na ƙarshen bai ba ni wuya ba, ɗan da ya tashi yana tsugunawa gaida manya ba a koya masa sunkuyo.

Bayan wata huɗu takarda ta zo mini daga gidan waya. Baba ya yi lissafin cewa gwangwanin farko ya kusa ƙarewa, ya sake yin wani ya aiko. Na je, aka nuna mini ƙunshin, da rubutun yayata a jiki. A nan aka ba ni zaɓi biyu: ko a mayar wa wanda ya aiko, ko a ƙona. Wannan wurin ne nake kasa wucewa in ina tuna labarin. Da na ce a mayar, da Baba ya ji haushi na mako guda, ya zagi Japan da mutanenta, shi ke nan magana ta ƙare. Amma da asirina ya tonu. Na ɗauki alƙalami na zaɓi wuta, na koma ɗaki na rubuta masa cewa wannan ya fi na farko.

Malaminmu na harshe wani dattijo ne mai sanyin hali. Wata rana ya koya mana al'adarsu ta tsaraba, cewa in za ka gidan wanda kake girmamawa sai ka tafi da abincin da aka san garinku da shi, ka miƙa kana cewa ba wani abin kirki ba ne. Ya gayyace mu gidansa, mu baƙin ɗalibai, don mu gwada. Kowa ya zo da na ƙasarsa, wani busasshen mangwaro, wani alewa, wani ganyen shayi. Ni na sayi biskit a kanti. Malamin ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya kamar na kawo masa rago, sannan ya tambaye ni da me aka san garinmu. Na kwatanta masa kilishi da 'yan kalmomin da nake da su, na ce aikin mahaifina ne. Ya ce da ma zai ɗanɗana. Na ji kunya, na ji baƙin ciki, na ji kewar gida.

Washegari na rubuta wa Baba labarin ranar yadda na so a ce ta kasance. Na ce na kai wa babban malaminmu kilishinsa, ya ci, matarsa ta ci, ya ce bai taɓa sa irinsa a baki ba, har ya tambaya ko akwai saura. Ban nemi a aiko ba. Amma wane mahauci ne za a ce masa babban malami ya tambayi saura ya zauna?

Ƙunshi na uku ya ninka na biyu girma. Shi ma na sa hannu aka ƙona. Daga nan wasiƙun gida suka koma zuwa da rubutun yayata maimakon na Baba, tana cewa kowa lafiya. Na ɗauka idonsa ne ya gaji.

Da shekara ta cika na dawo, yayata ce ta tare ni a tasha. Ba ta bari mun isa gida ba ta gaya mini. Baba ya karanta wasiƙata mai labarin malamin a rumfar mahauta fiye da sau goma, har Fulanin da ke kawo shanu sun haddace ta. Ya rantse kilishin malamin Japan sai ya fi kowanne siranta. Yana cikin yankan ne hannun ya kufce, wuƙa ta shiga tsakanin babban yatsansa na hagu da manuni. Ya ɗaure da tsumma ya ƙarasa aikin, bai je asibiti ba sai da hannun ya kumbura ya fara wari. An ceci hannun, amma an cire yatsu biyu. Ya hana a rubuta mini, wai kada karatuna ya lalace. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi.

Na same shi a zaure. Dama na rawa, hagu a naɗe cikin hannun riga. Ba zai ƙara kama ƙahon saniya ba, balle warwarar nama. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce na rame, ya tambaye ni ko na riƙe alkawari. Na ce na riƙe, kuma wannan gaskiya ce. Ya sa mini albarka. Na shigo da niyyar in faɗa masa komai, kalmomin suna bakina, sai ga abokan sana'arsa sun cika zauren, kowa na son jin yadda malamin Japan ya ci kilishin Garwa. Baba ya gyara zama, fuskarsa ta yi haske irin wanda rabon da in gani tun ina yaro. Na ba su labarin. Har da yadda malamin ya lumshe ido na ƙara musu.

Da suka watse muka rage mu biyu, ya tambaye ni a hankali, "Cikin ukun, wanne ya fi daɗi?"

Na ce na ƙarshen.

Ya zaro hannun hagun daga cikin riga, ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana kallon gurbin yatsun. Sannan ya ce, "To, alhamdu lillahi. Ba su tafi a banza ba."

Ya yi shekara shida bayan haka kafin ya rasu, ban faɗa masa ba. Kullum ina ce wa kaina don shi na yi shiru, amma na san akwai rabon tsorona a ciki, kuma har yau ban iya raba su ba. Harshen Japan ya ba ni aiki, na yi tafinta, na ci abinci da shi har na yi furfura. Takardu ukun nan da na sa wa hannu suna cikin akwatina, ni kaɗai a gidan nake iya karanta su. Har yanzu in na bi ta rumfar mahauta ba a rasa tsohon da zai nuna ni ya ce ga ɗan wanda kilishinsa ya je Japan, su yago mini falle su miƙo. Nakan karɓa da hannu biyu in yi godiya, in kawo wa jikokina. Ni ba na iya ci.