Saniyata da Dusar Fito

Shekarar da Turawa suka sauke tutarsu, ni ba tuta ce a gabana ba. Mijina ya rasu ya bar min yara biyu da saniya guda, a bayan unguwar Kanvili. Nononta nake kaiwa unguwar Aboabo, da shi muke ci.

Sai 'yar banzar ta gano gidan wata tsohuwa Badagomba mai dafa fito, giyar dawa. Bayan gidan ake zubar da dusar da ta yi tsami. Sau ɗaya ta ɗanɗana, shi ke nan. Ciyawa ta zama abar raini. Ta tsinke igiya, ta dawo tana tangaɗi, ido jawur. Magana ta isa Aboabo, matan malamai suka daina ɗaga murfin ƙwaryata. Wa zai dama fura da nonon mashayiya?

Na doke ta har hannuna ya yi ciwo. Na sa aka yi mata rubutu na zuba a ruwan shanta. Ta shanye, ta koma.

Raina a ɓace na tafi yi wa tsohuwar tas. Ta bar ni na gama, sannan ta ce da Hausarta ta kasuwa, "'Yata, ba a baki abin yake ba, a kai yake. Kai ya riƙe daɗi. Ki bari ya riƙe wuya."

Washegari ta daka wani ganye marar ɗaci, ta cuɗa a dusar, ta ce in sako saniyar da kaina. Ta ci ta ƙoshi. Kwana biyu tana kwance tana zawo, ni ina kuka ina cewa an kashe min ita. A na uku ta miƙe. Tun daga ranar, ko warin dusar ta ji sai ta kau da kai ta canja hanya.

Ciniki ya dawo a hankali. Na kai wa tsohuwar nono cike da ƙwarya, ina jin kunyar zagin da na yi mata. Na ce, "Iya, ina kika koyi wannan?"

Ta ce, "A kan ɗana na fara gwadawa. Sau uku. Shi bai bar shan ba."

Har ta bar duniya ban daina kai mata nono ba, ta ƙofar gaba, masu gani suna gani.