Likkafanin Da Aka Ajiye Min

Aikina na farko a fim, gawa na fito. Ina da shekara goma sha tara, na zaci za a ba ni magana. Ko tari ba a ba ni ba.

Darakta, don tsabar iyayi, ya ce sai an kira tsohon da ke wankan gawa a unguwarmu, Yakasai, shi zai suturta ni. Bayan azahar, a wani zaure, tsohon ya auna tsawona da hannu, ya yage farin yadi, ya ɗaure min haɓa da manyan yatsun ƙafa. Hannunsa sanyi ƙalau. Yana yi yana addu'a ƙasa-ƙasa, ta gaske, ba ta fim ba. Da aka gama ɗauka kowa ya tafa, shi kuwa ya ninke likkafanin ya tafi da shi.

Shekaru sun ja, har yanzu yana raye. Kwanan baya muka haɗu a lungu, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ka yi jiki," in ji shi. "Na wajena ba zai ishe ka ba. Amma zan ƙaro yadi."