Abla Hadijatu, Wadda Ta Koya wa 'Ya'yanmu Su Ce "Ina So"

Duk wanda ke zaune a layinmu na Ka'akiyya ya san kukan ƙofar Abla Hadijatu. Ƙofar ƙarfe ce da aka yi shekaru ana cewa za a sa mata mai. Gari na wayewa za ka ji ta, sai ga Abla ta sauko da abayarta da tsohuwar jakarta, ta biya ta wajen mai burodin tamis, ta tsaya bakin titi tana jiran motar makaranta. Abla dai shi ne yadda ake kiran malama mace a nan Hijaz, amma ita sunan ya bi ta har gida, har mijinta in yana tsokanarta haka yake kiranta. A sakandaren 'yan mata da ta yi wa aiki ita ce murshida, wato wadda ɗalibai ke kai wa damuwarsu da shawarar abin da za su karanta a gaba. In ta dawo ta yi la'asar, sai ta buɗe falonta ga 'yan matan unguwa, har da waɗanda ba 'yan makarantarta ba.

Bana ta ajiye aiki. An yi mata walima a makaranta, an ba ta kyautar agogon bango, an tafa, an watse. Ni maƙwabciyarta ce, bene ɗaya muke, kuma kakanninmu duk daga ƙasar Kano suka zo aikin hajji suka zauna. Na ga abin da agogon bango ba zai biya ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Akwai wata tarbiyya da muke alfahari da ita, mu Hausawan Makka, da waɗanda aka haifa a nan da waɗanda suka zo neman abinci. Yarinya ba ta kallon babba ido cikin ido. In an miƙa mata abu sai ta ce ta ƙoshi ko da yunwa na cin ta. In an tambaye ta me take so, sai ta sunkuyar da kai ta ce duk wanda aka ba ta. Muna jin haka mu ce masha Allah, 'yar gidan mutunci. To sai ranar muƙabala ta zo, ranar da malaman kwaleji za su zaunar da yarinya su tambaye ta dalilin da ya sa take son shiga wajensu. Sai 'yar gidan mutuncin nan ta kalli ƙasa ta ce, "Duk abin da kuka ga ya dace." Su kuwa ba su san kunyar Hausa ba. Abin da suke gani shi ne yarinyar da aka turo dole, sai su ba wata gurbin. Wallahi abin yana ƙona mini rai, don da hannunmu muke ɗaure bakin yaran, sannan mu zo muna cewa an nuna musu bambanci.

Abla Hadijatu ce ta fara gane wannan a cikinmu. Kada kuma wani ya ɗauka daɗin baki take koyarwa. Ina zaune wata yarinya, Rim, ta zo da yabon da ta haddace daga waya, ta miƙe ta zuba shi tas: kwalejinku ce fitilar ilimi, burina ce tun ina cikin zanin goyo. Abla ta bar ta ta gama, sannan ta ce, "Ɗayyib. Wace kwalejin ce a cikin ukun da kika nema?" Rim ta ce ai duk ɗaya ne, suna kawai za ta sauya. Muka yi dariya har da hawaye, ban da Abla. Ta ce mata, "Ya binti, 'yata, mutanen nan sun ji irin wannan har kunnensu ya gaji. Je ki gano abu ɗaya da ake koyarwa a can wanda ke hana ki sukuni, ki dawo mu yi magana."

Amma labarin Mubina ne ba zan manta ba.

Mubina 'yar Malam Sadisu ce, magini mutumin Maraɗi, da matarsa Larai. Tana ƙarama aka zo da ita, a unguwar Misfala ta girma, Larabci ya fi zama a bakinta fiye da Hausa. Sakamakonta na sakandare ya yi kyau ƙwarai. Wata kwalejin koyon aikin jinya a Jidda tana ware 'yan gurabe ga 'ya'yan baƙi mazauna ƙasar, ta ɗauki nauyin karatunsu da zamansu. Mubina ta nema, aka kira ta muƙabala, ta je ta yi abin da aka koya mata a gida, ta dawo hannu wofi. Shekara na zagayowa kamfanin da mahaifinta ke wa aiki ya ce aiki ya ƙare, iyali su shirya komawa. Saura mata dama ɗaya. In ta samu, ta zauna ta yi karatun da take so. In ta rasa, ta bi iyayenta zuwa ƙasar da da Faransanci ake karatu, ita kuwa ko gaisuwa ba ta iya da shi ba.

Larai ce ta kawo ta wajen Abla. Abla ta zuba musu shayi ta ce, "Mubina, me ya sa aikin jinya?"

"Duk abin da Allah ya zaɓa mini, Abla."

"Allah zai zaɓa, babu shakka. Ke me kika roƙe Shi?"

Mubina ta sunkuyar da kai. Larai ta gyara zama ta ce, "Malama, mu hwa ba mu saba hakanan ba. Ɗiya ta tsaya gaban manya ta ce ga abin da nika so? Babanta cewa ya yi ta kama bakinta, cika baki shi ka jawo ma mutum ido."

Abla ba ta yi mata musu ba. Ta ce, "Gaskiyarki, Larai. Ni ma haka aka rene ni. Amma in kin ɗaga hannu a gaban Ka'aba, cewa kike yi duk wanda aka ba ki, ko kina faɗin buƙatarki da sunanta?"

Larai ta yi 'yar dariya ta ce da sunanta take faɗi, har da maimaici.

Ba a ranar Mubina ta buɗe baki ba, ba kuma a zuwa na biyu ba. Abla kuwa ba ta da gaggawa. Takan jefa tambaya ta koma tana gyaran zogalen miya kamar ta manta da yarinyar. Ni da nake da gajen haƙuri na sha cewa, "Yaya, ki rubuta mata amsa kawai ta haddace, lokaci na tafiya." Sai ta harare ni ta ce in je in duba tukunyata.

Wata la'asar sai maganar ta ɓalle da kanta. Ashe duk lokacin hajji Mubina takan zauna a bakin wani ƙaramin asibiti kusa da gidansu, saboda tsofaffin alhazai mata da ke zuwa da ƙafafu a kumbure, tafin ya sale don tafiya a kan kwalta mai zafi. Ba sa jin Larabci, ma'aikatan ba sa jin Hausa. Wata tsohuwa ta yi ta nuna ƙirjinta tana cewa nan ne, nan ne, ana ta ɗaure mata ƙafa. Mubina ce ta shiga ta yi bayani, aka garzaya da ita babban asibiti. Mubina na ba da labarin hannuwanta na yawo, ta manta da kallon ƙasa gaba ɗaya.

Abla ta ce, "Kin faɗa wa masu muƙabala wannan bara?"

"La, Abla! Na ji kunya. Kada su ce ni 'yar takari ce."

"Halas, shi ke nan. Abin da kika ɓoye shi ne abin da ba su da shi."

Abla, ke ce kika zauna da haƙuri har yarinya ta ji muryar kanta. Ba ki sa mata kalma ko ɗaya a baki ba, ba ki kuma raina tarbiyyar iyayenta ba. Kin nuna mata cewa mutum zai iya gaishe da manya da ladabi, ya kuma ɗaga kai ya faɗi abin da ya kawo shi. Uwar marasa baki, haka nake kiranki a zuciyata, ko da yake na san za ki ce in daina surutu.

Ba ta tsaya nan ba. Da kwalejin ta buɗe ƙofa ga masu son zagayawa kafin muƙabala, ta ce sai an je. Ita ba ta tuƙi, tsoron titin Jidda take kamar me, don haka ni aka ɗora wa. Muka zaga ɗakunan gwaji, Mubina na maƙale da abayar Abla. Can ta saki, ta matsa wajen wata malama ta tambaye ta ko ɗalibai na fita aikin sa kai a Mina lokacin hajji, kuma daga wace shekara ake barinsu. Malamar ta tsaya ta dube ta da kyau, ta tambayi sunanta.

Ranar muƙabala ma ni na kai su. Muka zauna a mota muna jira, Abla na jan carbi, ni ina ta surutun banza. Da Mubina ta fito ta shiga mota sai ta fashe da kuka. Na ce shi ke nan, an sake. Ashe ba haka ba ne. Ta ce sun yi mata tambayar bara, ta gaishe su, ta ɗaga kai, ta ba su labarin tsohuwar nan, ta ce tana so ta zama ma'aikaciyar da alhajiya za ta ce wa nan ke ciwo ta gane. Ta ce, "Abla, na ce musu ina so. Da bakina na ce."

Ta samu gurbin.

Ana gobe iyayenta za su tashi zuwa gida, Malam Sadisu ya zo gidan Abla bayan la'asar. Bai shiga ba, a bakin ƙofa ya tsaya tare da maigidan, ina saman bene ina jin su. Mutum ne da ba ya doguwar magana. Ya ce, "A hwaɗa ma Malama na gode. Ni na haifi ɗiyar ga, ni na yi ta wahala da ita, amma ban san abin da ke ranta ba sai da wata ta tambaye ta. Ga ta nan, na bar ta hannun Allah da hannunta."

Abla Hadijatu, mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutun da na san ba za ki yi ba. Mu kuma iyaye da malamai da ke karanta wannan, lokacin neman makarantu ya kusa. Akwai yaro ko yarinya a gidanku da ke amsa kowace tambaya da "duk wanda aka ba ni". Ku zaunar da ita, ku tambaye ta me take so, kada ku amsa mata. Malam Sadisu sai da ya ɗaure kayansa sannan ya ji amsar 'yarsa.