Kitikar da Muka Turke Har Kaka

Fam ɗari huɗu muka zuba a kan motar nan. Ɗari uku da goma nawa ne, abin da na tara a shekara tara, da fari ina sayen fata a kasuwannin ƙauye, daga baya ina sayar da kekuna. Sauran casa'in ɗin bijimai shida ne na kawuna, yayan mahaifiyata. Shi ya kora su kasuwar Tambuwal da kansa, ya kawo mini kuɗin a jakar fata. A lokacin bai taɓa shiga mota ba. Da ni ya yarda, ba da ita ba.

Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru kafin su tafi. Kitika ce, ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya ta ɗaukar kaya, koriya, watanta biyar da fitowa daga kamfani. Wani Kwara, Balarabe mai sayen gyaɗa a Gusau, ne zai koma ƙasarsu, ya sake ta da araha. Na tuƙo ta gida ana shuka. Ita ce motar farko da na saya don in sayar.

Ba ta yi mako biyu a ƙofar gida ba wani Alhaji daga Kebbe, mai fataucin auduga da goro, ya zo ranar kasuwa. Ya zagaya ta sau uku, ya zauna a ciki, ya danna oda har kaji suka watse. Ya taya ɗari huɗu da sittin. Ribar fam sittin a mako biyu! Bakina ya buɗe zan ce sallama, sai Kawu ya taka mini ƙafa.

"Albarka, Alhaji," in ji shi.

Da Alhaji ya tafi, na ce, "Kawu, sittin fa."

"Mi kaka gaggawa, ɗan nan? Wa ka sai da abu da damina? Yanzu kowa hannunshi na gona. Bari a cire auduga, kuɗi su shigo gari. Shi da wani za su yi ta ja, mu muna zaune."

Ban yi musu ba, domin ni ma haka na san ciniki. Hatsi, a ajiye shi ya yi daraja. Sa, a kiwata shi har kaka ya yi daraja. Kekunan da na yi ta sayarwa kuwa, na bara da na bana duk kamarsu ɗaya, ba mai tambayar shekarar keke. Na ɗauka mota ma haka take.

Sai muka turke ta. Ba wata kalma da ta dace in ba wannan ba. Kawu ya sa aka kafa mata rumfar zana a gefen zaurena. Ya rufe mata gilashi da tabarma. Ya ɗaura igiyar babban bijiminsa a ƙarfen gabanta, ya ɗaure a turke, wai kada iskar hadari ta tura ta. Na gaya masa tana da birki. Ya ce birkin na Turawa ne, igiyar tasa ce. Kullum bayan hantsi sai ya zo da tsumma ya goge ta, ya kori awaki, ya durƙusa ya leƙa cikinta. Wata rana na same shi yana duban ragar hancinta.

"Ina haƙoranta? Ta yaya aka sanin shekarunta?"

Na nuna masa takardar kamfani. Ya jujjuya ta, ya miƙo mini, ya ce shi abin da ba ya iya buɗe wa baki ya gani, ba ya rantsuwa a kansa.

Wata huɗu muka yi haka. Mutanen Jabo da na Dogon Daji in sun zo kasuwa sai sun biyo kallo, Kawu yana zaune kusa da ita a kan buzu yana amsa gaisuwa kamar mai jego.

An fara cirar auduga ke nan, ranar wata kasuwa, wata kitika ta tsaya a bakin hanyar Sakkwato shan ruwa. Ta wani ɗan kwangila ce. Kamfaninsu ɗaya da tamu, launi ma ɗaya. Amma fitilunta a cikin jiki suke, ba a tsaye a kan fukafukai ba, gilashin gabanta falle ɗaya ne babu sanda a tsakiya, hancinta kuma faffaɗa. Masu kallon tamu duk suka koma can. Na bi su, Kawu yana bayana.

Na tambayi direban wace iri ce wannan.

"Ta baɗi ce, maigida."

Kawu ya matso. "Ta baɗi? Mu nan ko geron bana ba mu gama ɗaurewa ba, kai har ka hau baɗi ka zo?"

Direban ya yi dariya, ya yi mana bayani. Kamfanin kan sauya wa motocinsa fuska kowace shekara, kuma ya saba kawo sabbin bayan sabuwar shekarar Turawa. Bana sai ya kawo su da wuri, don ya tari kuɗin kaka. Injin ɗaya ne, in ji shi, ƙarfe ɗaya ne. A tsaye a wurin na gane cewa tamu, da ba ta cika shekara ba, ta zama ta bara.

Ban jira kowa ya zo ba. Kashegari da safe na kunna ta, na ce Kawu ya shiga, mu tafi Kebbe. Ya naɗe igiyar a ƙarfen gaba, ya hau yana bisimilla, ya riƙe ƙofa da hannu biyu har muka isa.

Alhaji ya sauke mu da fura da goro. Ya riga ya ji labari, na gani a idonsa.

"Ɗari uku da ashirin," in ji shi.

"Haba Alhaji!" Kawu ya ajiye ludayi. "Da bakinka kac ce ɗari fuɗu da sittin. Mi ta ci? Mi ya same ta? Wata fuɗu tana inuwa, ko rana ba ta taɓa ta ba. Je ka duba, in ka ga ƙwarzane ɗaya, kyauta na ba ka."

"Baba, ba ta rame ba. Ƙanwa aka haifa mata, kuma ƙanwar ta fi ta kyau. In na shiga Jega da wagga, cewa za a yi Alhaji ya sayi kwance."

"Kai ma an haifa maka ƙanne, an rage maka daraja?"

Alhaji ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, amma bai ƙara ko sule ba.

Nan na karɓi maganar. Na ce masa gaskiya ce, yayinta ya wuce, ba zan ɓoye ba. Amma na duba sabuwar, cikinta ya fi kusa da ƙasa, kuma shi ya san yashin hanyar Kebbe ya fi ni. Tamu kowane makanike a Sakkwato ya san cikinta, kayanta suna nan a kasuwa. Auduga kuma ba ta tambayar fitila a ina take. Alhaji ya fita ya durƙusa ya auna tsayin tamu da kamu. Ya dawo ya ce ɗari uku da sittin. Na san in na ƙara wata guda, sabbin za su cika hanya, ko wannan ba zan samu ba. Na dubi Kawu. Bai taka mini ƙafa ba.

"Sallama," na ce.

Kafin mu miƙa makulli, Kawu ya je ya kwance igiyarsa. Ya ce shi bai taɓa sayar da dabba da igiyarta ba, ba kuma zai fara yau ba. Ya shafa hancin motar sau biyu, ya gaya wa direban Alhaji kada ya bar ta a rana.

Tun daga ranar ban sake turke mota ba. Na yi abota da wani mai tsaron sito a kamfanin, duk shekara ina kai masa man shanu, shi kuma yana gaya mini watan da sabuwar fuska za ta sauka. Da wannan na ci abinci shekaru masu yawa.

Rabon hasarar ya fi cinikin wuya. Kawu ya ce arba'in ɗin duk nasa ne, tunda shi ya taka mini ƙafa. Ni na ce casa'in ɗinsa zai karɓa cif, tunda ni ne mai sana'ar. Kwana uku muna wannan, har mahaifiyata ta ce mun ishe ta, kowa ya ɗauki gwargwadon abin da ya zuba. Ya karɓi tamanin da ɗaya, ya shiga kara, kasuwar shanu. Shanu sun yi tsada da kaka, daidai yadda ya faɗa, ya kuma tabbatar na ji hakan daga bakinsa. Bijimai biyar ya samu, ya jawo na gaba da igiyar nan.

Ni na rasa fam talatin da ɗaya. Kawu ya rasa sa guda.