Sunan da Na Raɗa a Cikin Zaure

A shekarar da masu gudun hijira daga Mubi da Michika suka cika Jimeta, babu gidan da bai karɓi baƙi ba a layinmu na Bekaji. Ni rabona wata dattijuwa ce da 'yarta budurwa. An kashe mai gidansu a hanya, sauran 'ya'yan kuma ba a san inda suka yi ba. Na kwashe allunan ɗalibai da takarduna na ajami daga ƙaramin ɗaki, na ba su. Matata tana ce wa dattijuwar Goggo, ni ma na bi bakinta.

Abinci bai wadace mu ba, ba zan ɓoye ba. Da aka samar wa yarinyar aikatau a wani gida a Shagari Lokos, kowa ya ce alhamdulillahi. Tana shiga keke da safe, ta dawo bayan la'asar da ragowar shinkafa a kula. Ni ma na sha cin shinkafar nan. Ban taɓa tambayar ko wane ne mai gidan ba, ko matarsa tana wuni a gida ko tana ofis.

Matata ce ta faɗa mini, tana zuba mini ruwan alwala.

"Modibbo, yarinyar nan fa juna biyu gare ta. Mai gidan da take wa aiki ne."

Na ƙarasa alwalata, na tafi masallaci.

Sau ɗaya na je wurin mutumin. Ya karɓe ni da girmamawa, ya sa aka kawo ruwan sanyi, ya rantse, ya ce ai halin 'yan gudun hijira ke nan, ka taimake su su ɗora maka sharri. Daga ranar aikin ya ƙare. Ba wanda ya sake tunkararsa. A unguwa kuwa ita ake nunawa. Iyaye suka janye 'ya'yansu mata daga makarantata. Mai shagon bakin layi, wanda abokin wasana ne, ya ce, "Allah gafarta Malam, ashe bayan makaranta har ɗakin haihuwa ka buɗe? Ba ka gayyace mu buɗewa ba."

Yarinyar ta haifi namiji. Goggo ta same ni a tsakar gida, ta durƙusa duk da ta girme ni.

"Abu ɗaya nake roƙo, Modibbo. A yi masa suna a ƙofar gida kamar ɗan kowa, mutane su ji da kunnensu. In an ji sau ɗaya, shi ke nan, ya zama mutum."

Na ce za a yi. Ni da bakina na sha karantar da cewa jariri ba ya ɗaukar laifin kowa.

Ana gobe suna na kai goro masallaci. A wurinmu wanda ya karɓi goron suna ya amsa gayyata ke nan. Wasu suka ce haƙori ya hana su ci. Wasu suka karɓa, da na waiwaya na ga goron jere a kan taga. Ladan ya ja ni gefe ya ce, "In ka tashi sanarwa, ɗan wa za ka ce?" Na sa takalmina na fito.

Da aka idar da sallar asuba na shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, na ɗaure ɗan akuyan da nake kiwo. Mutane suka fito daga masallaci suka bi ta ɗayan layin. Wanzami ne kaɗai ya zo ya zauna, ya ce shi aski aka kira shi, ba bincike ba. Gari ya waye sosai. Can wurin mai shayi maza sun taru, kofuna a hannu, fuskokinsu duk suna wajenmu.

Sai na ce wa wanzami rana ta fara zafi, mu koma zaure. Ranar ba ta yi zafi ba. Ya dube ni, ya ɗauki zabirarsa ya biyo ni. A cikin zauren na yi addu'a, na ambaci sunan, sunan kakan yaron da aka kashe, da muryar da nake karatu ni kaɗai. Wanzami ya shafa. Matata tana bayan ƙofa tana jiran ta ji ta rangaɗa guɗa, har aka yanka akuya ba ta ji komai ba.

Goggo ta leƙo.

"Modibbo, an yi ne?"

"An yi, Goggo."

"Ban ji ba."

Ta fita da kanta ta naɗe tabarmin.

Da suka yi arba'in suka koma Damare, wai za su yi ƙwadago a gonakin shinkafa. Goggo ta yi mana godiya mai tsawo, ta sa mana albarka. Yarinyar kuwa, dama tun da cikin ya fito ban ƙara jin muryarta ba. Daga baya labari ya zo cewa a can sun ce uban yaron yana cikin waɗanda aka kashe a gudu, rikici ne ya hana a yi suna. Mutanen wurin suka tausaya, suka sake taro a fili, aka cika, aka yi guɗa.

Bara na haɗu da limamin da ya yi wannan sunan, a wurin wata jana'iza a Yola. Ya ce yaron yana karatu a hannunsa, yana da kai. Ya ce, "An ce a gidanka suka fara sauka. Ka san mahaifin nasa kuwa?"

Na ce, "Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu."

Ya ce amin, aka ja sahu.