Minti Biyar na Aubrey

Shekara arba'in da tara Aubrey Pinnock yana hawa hasumiyar cocin ƙauyen Marlcote duk Talata da Asabar don ya wana agogo. Matakala sittin da biyu ce, ta dutse, ƙafafun mutanen shekara ɗari shida sun cinye tsakiyarta har ta yi kwarmi. Wajen mahaifinsa ya gaji aikin. Sana'arsa kuwa kiwon tumakin wani manomi ne, kuma ina jin wajen tumakin ya koyi rowar magana, don in ka gaishe shi ya ce "To," ka ci riba ranar.

Agogon nan yana gaba da minti biyar, kuma Aubrey ya ɗauka duk duniya shi kaɗai ya san dalili.

Matarsa ce dalilin. Mavis mace ce mai kirki da hannun girki, amma makara a jininta take. Lokacin da suka yi aure tana aikin wanki da guga a cikin gari, bas kuma ɗaya ce, takwas saura kwata take tsayawa a ƙofar coci. A makon farko sau uku tana tafiya ta bar Mavis riƙe da takalmi ɗaya a hannu. Aubrey bai yi faɗa ba. Ranar Asabar ya hau sama ya tura hannun agogo gaba, ya sauko ya sha shayinsa. Daga ranar bas ba ta ƙara barinta ba, shi kuma ya haɗiye sirrinsa.

Mavis ta rasu shekara uku da suka wuce. Kabarinta yana gindin hasumiyar, gefen da rana ke bugawa da safe. Kayanta 'yarsu ta kwashe ta bayar, gidan ya yi masa faɗi, abin da ya rage nata wanda yake iya taɓawa da hannunsa sai minti biyar ɗin nan.

Sai gwiwa ta ƙi. Wata Talata ya kai matakala ta arba'in ya zauna, ya kasa gaba ya kasa baya, sai da mai yankan ciyawar makabarta ya sauko da shi. Kafin yamma labari ya zaga gidaje tamanin na ƙauyen.

Kwamitin coci ya zauna a ɗakin taro, da shayi da biskit kamar kullum. Rabaran ɗin, wata mace mai haƙuri da take zagaya ƙauyuka biyar a mota ɗaya, ta ce an samo injin da zai riƙa wana agogon da kansa.

"Kuma mai injin ya ce daidai agogon zai riƙa bugawa, ko daƙiƙa ba zai kuskure ba," in ji ta. "Mista Pinnock, ka huta, ka yi mana iya yinka."

Aubrey ya kafa wa kofinsa ido. Ba hawan ne ya dame shi ba, wannan ya riga ya sallama. Kalmar "daidai" ce ta soke shi. Ya buɗe baki, ya rasa ta inda zai fara gaya wa mutum goma sha ɗaya cewa kusan shekara hamsin yana yi musu ƙarya daga saman coci. Kunya ta kama shi, baƙin ciki ya danne kunyar.

Enid Garlick ce ta aje cokalinta. Ita ke riƙe da makullan coci, benci ɗaya suka zauna da Aubrey a makaranta, kuma tun lokacin ba ta raga masa.

"Wane irin daidai kuma, Rabaran? To minti biyar na Aubrey fa?"

Aubrey ya ɗago kai. "Me kika ce?"

"Ji tsohon banza! Kai a zatonka ba mu da rediyo? Har jikokina sun san agogon coci na gaba. Da shi muke kama bas, da shi nake cire burodi."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Aubrey dai bai yi ba. Ya ce, "Mavis fa? Ta sani?"

Enid ta daina dariya, ta matso da kujerarta.

"Tun makon farko, Aubrey. In ya buga takwas saura kwata sai ta ce min, 'Zauna Enid, wannan na mijina ne, muna da sauran lokaci,' ta ƙara shayi. Ta hana kowa ya gaya maka. Ta ce kai ba ka iya faɗin abu da baki ba, a bar ka ka riƙa faɗa da agogo."

Ba wanda ya kalle shi yayin da yake neman hankici a aljihu. Rabaran ta tambaya ko akwai mai ja a sa injin amma a bar minti biyar ɗin, ba a samu ba, aka rubuta a littafin taro.

Ranar da mai injin ya zo, ya leƙo ta tagar hasumiya ya ƙwala wa Enid kira cewa agogon nan ai yana gaba, ya gyara?

Aubrey na zaune a benci kusa da kabarin Mavis, sandarsa a kan gwiwa. Bai jira Enid ba.

"Bar shi yadda ka same shi," ya ce. "Akwai mai shi."